Fim ɗaya muka kalla, su suna dariya, ƙanwata ta kasa barci

"Likita barka da aiki. Mu biyar muka zauna muka kalli fim ɗin Smile. Ƙawayena biyu dariya suka dinga yi tun daga farko har ƙarshe, ni na tsorata amma washegari na manta, ɗayar cewa tayi ita bata ga abun tsoro ba. Ƙanwata kuwa tun ba'a kai rabi ba ta tashi tana kuka jikinta na rawa, yau kwana goma kenan bata barci sai da fitila a kunne, kuma sai ta farka a firgice. Ita kaɗai ce a ɗakin lokacin da mahaifiyarmu ta rasu shekara uku da suka wuce, bata taɓa bamu labarin daren ba. Dan Allah fim ɗin ne ya jawo mata ciwo? Su kuma masu dariyar rashin tausayi ne? Ni dai gani nake gara a hana irin waɗannan finafinan kawai."

Allah ya jiƙan Mama, ya ba ku haƙurin rashi, 'yar'uwa. Tambayarki uku ce a cikin ɗaya: me yasa mutum biyar suka kalli abu ɗaya kowa ya tashi da nashi, shin fim zai iya sa wa mutum ciwon ƙwaƙwalwa, sannan me za ku yi wa ƙanwarki yanzu. Aikina zama da mutanen da suka shiga tashin hankali ne, kuma labarin "na kalli wani fim sai komai ya dawo min sabo" ba baƙo bane a ɗakin da nake ganin marasa lafiya. Amsata a taƙaice, abu ne mai wuya fim ya ƙirƙiri ciwo a inda babu shi, abunda yafi yi shine fami. Ya taɓa ƙanwarki a wajen da dama can bai warke ba.

Irin fim ɗin da kuka kalla

Finafinan tsoro ba iri ɗaya bane. Akwai na dodo da jini da sara, wanda abun tsoron yana waje, in an kashe shi ko an tsere masa shikenan. Akwai kuma wannan da kuka kalla, wanda abun tsoron yana cikin kan jarumar, ke mai kallo baki da tabbas abunda take gani gaske ne ko ƙwaƙwalwarta ce ke mata wasa, kuma duk wanda ta faɗa wa sai ya kalle ta kallon mai taɓin hankali. Smile ya fito a 2022, Parker Finn ne ya bada umarni, labarin wata likitar ƙwaƙwalwa ce mai suna Rose wadda wata mara lafiya ta kashe kanta a gabanta, daga nan wani abu ya fara bin ta. To amma ƙashin bayan labarin shine tun tana yarinya ta ga mutuwar mahaifiyarta, ita kaɗai, ta girma da zargin kanta cewa da ta nemo taimako da ba haka ba. Ki sake karanta wannan layin sannan ki tuna wacece a ɗakin daren da Mama ta cika. Ku huɗun fim kuka kalla. Ita kuwa abunda ta shekara uku tana gudun tunawa aka saka mata a gaba, da ƙarar kiɗa, a cikin duhu, ba tare da an mata gargaɗi ba.

An kashe kusan dala miliyan 17 wajen yin fim ɗin, ya kawo sama da miliyan 200, wato miliyoyin mutane sun kalla sun koma gida sun yi barcinsu lafiya lau. Wannan gaskiya ne, halin da ƙanwarki take ciki shima gaskiya ne, ɗaya baya ƙaryata ɗaya.

Me yake faruwa a jiki

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ɓangare da ake kira amigdala, aikinshi hango haɗari, kuma sauri gare shi fiye da tunani. Fuska ta faɗo kan allo ba zato, kafin ki ce "ai fim ne" har ya tura saƙo, sinadarin adirenalin, mai shirya jiki don gudu ko faɗa, ya zuba a jini, zuciya ta hau dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, numfashi ya koma sama-sama, tsikar jiki ta tashi. Wannan kowa a ɗakin ya same shi, har wadda tace bata ga abun tsoro ba, sai dai nata kaɗan ne. Bambancin yana zuwa a sakan na gaba, lokacin da gaban ƙwaƙwalwa, mai lissafi da auna abu, yake cewa kwantar da hankalinki, kina zaune kan kujera, 'yan wasa ne. In wannan saƙon ya isa, tsoron sai ya juye ya zama daɗi, shi yasa mutane suke biyan kuɗi a tsorata su. Masu bincike a jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak sun ɗaura wa mutane na'urar auna bugun zuciya a wani gidan wasan tsoratarwa, suka wallafa sakamakon a 2020: jin daɗi yana ƙaruwa tare da tsoro har zuwa wani mataki, in tsoron ya wuce nan sai daɗin ya faɗi. Kuma matakin kowa daban.

A wajen wanda ya taɓa shiga tashin hankali na gaske, wannan saƙon na "fim ne kawai" shine yake makara ko ya ƙi zuwa sam. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Sautin numfashin mai jinya, hannu ya saki ya faɗi gefen gado, ƙofa a rufe yaro na tsaye a bakinta, ƙaramin abu irin wannan ya isa ya maida mutum cikin ranar gaba ɗayanta, ba wai tunawa yake ba, ji yake yanzu abun ke faruwa, har warin ɗakin wasu suke ji. Wata da na taɓa dubawa, wadda ta tsira daga haɗarin mota, ta ce min duk jinin da aka nuna a fim ɗin da ta kalla bai dame ta ba, abunda ya kayar da ita shine wajen da aka ɗauke sauti gaba ɗaya sai wani siririn ƙara kamar a cikin kunne, tace wallahi haka kunnenta yayi lokacin da motar ta tsaya da juyawa. Mijinta da ke gefenta ko lura da sautin bai yi ba.

Masu dariya

A'a, kar ki ɗauke su marasa tausayi. Dariya a fim ɗin tsoro yawanci hanyar sauke nauyi ce, jiki ya cika da adirenalin, haɗarin ya zama ƙarya, dole abun ya fita ta wani waje, wani ihu, wani dariya, wani ya kama surutu yana zagin jarumar don ta buɗe ƙofa. Kuma in ana cikin taro dariya tana gaya wa na kusa cewa lafiya muke, babu komai. Na sha ganin mutum zaune gabana yana bani labarin mafi munin ranar rayuwarshi yana murmushi, wani har da 'yar dariya, hannunshi kuwa na karkarwa a kan gwiwa. Saboda haka ni ko wadda tafi kowa ƙyalƙyalawa a cikinku bazan rantse cewa babu abunda ya taɓa ta ba. Inda laifi zai shigo shine in bayan sun ga halin da yarinyar ta shiga suka cigaba da tsokanarta, suna mata irin murmushin ban tsoron da ake yi a fim ɗin ko suna turo mata hotunanshi a waya. In ana haka ki tsawatar yau ɗin nan, ba wasa bane.

Rabuwar kan masu kallo a irin wannan fim ɗin tsohon abu ne. Lokacin da The Exorcist ya fito a Amurka a ƙarshen 1973, jaridu sun cika da labarin masu suma da masu amai a sinima, wasu kuma suna komawa layi su sake kallo. A 1975 wani likitan ƙwaƙwalwa, James Bozzuto, ya wallafa bayanin mutum huɗu da suka zo asibiti da rashin barci da firgici bayan kallonshi. Mutum huɗu, a fim ɗin da miliyoyi suka gani. Hereditary na 2018, wanda shima kan makoki da ciwon da ke bin zuri'a aka gina shi, masu sharhi sun yaba shi sosai, amma 'yan kallo da kamfanin CinemaScore ya tambaya a bakin sinima maki D+ suka bashi, wanda maki ne na ƙasa sosai. A ganina da yawansu sun je neman a razana su ne suyi ihu su huce, sai aka zaunar dasu awa biyu cikin gidan da baƙin ciki ya cinye, suka fito ransu a jagule suna jin haushin fim ɗin.

Sannan akwai wani rukunin da ba'a cika maganarsu ba, waɗanda suka sha wuya kuma irin waɗannan finafinan suke nema da kansu. Ina da marasa lafiya irin haka. Wani yace min shine karon farko da ya ga an nuna yadda cikin kanshi yake, yadda kake ihu kowa na ce maka ka yi haƙuri ka manta. The Babadook na 2014, wanda Jennifer Kent ta Ostireliya tayi, akan ambace shi sosai a nan: mace ce mijinta ya rasu a haɗari a hanyar kai ta asibiti haihuwa, ta ƙi yarda a ambaci sunanshi, wani dodo ya dinga girma a gidan. A ƙarshe bata kashe shi ba, ta ajiye shi a ɗakin ƙasa, tana sauka ta bashi abinci ta fito ta cigaba da rayuwa da ɗanta. Masu makoki da yawa sun ce wannan ƙarshen gaskiyarsu ya faɗa. To meye bambancinsu da ƙanwarki? Su suka zaɓa, sun san me zasu gani, rimot na hannunsu. Ita ta zauna kallon nishaɗi ne da 'yan'uwa, abu ya faɗo mata.

Shin fim ne ya sa mata ciwo

Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke amfani dashi wajen tantance cuta, DSM, ya shigar da ciwon firgicin bayan tashin hankali, wanda ake kira PTSD, a 1980, bayan abunda aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam da matan da aka ci zarafinsu. Bugu na biyar na 2013 ya faɗa ƙarara cewa ganin abu a talabijin ko fim ko hoto ba ya shiga cikin musabbabin wannan ciwon, sai dai in aikin mutum ne yake sa shi kallon irin abun kullum. Kuma sai alamomi sun wuce wata ɗaya ake kiran shi da wannan sunan. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kusan kashi 70 cikin 100 na mutane zasu gamu da wani mummunan abu a rayuwarsu, amma waɗanda abun ke zame musu PTSD basu kai kashi 6 ba. Yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu in suna da masu tallafa musu.

Saboda haka ni ba fim ɗin nake kallo ba, shekara ukun nake kallo. Kin ce bata taɓa baku labarin daren ba, wannan jimlar tafi komai ɗaukar hankalina a saƙonki. Gudun tunawa yana daga manyan alamomi, kuma shine yake hana ciwon warkewa, domin ƙwaƙwalwa bata samu damar ajiye abun a matsayin wanda ya wuce ba. Zai iya zama PTSD, zai iya zama makoki ne da ya daɗe ya ƙi sauka, wanda shima yanzu an san shi a matsayin ciwo mai zaman kanshi, zai iya zama ciwon damuwa, zai kuma iya zama girgiza ce ta ɗan lokaci da zata lafa cikin sati biyu uku. Daga saƙo ɗaya, ta bakin yayarta, ban ganta ba ban ji muryarta ba, bazan saka mata suna ba, duk wanda ya saka mata daga nesa kuma kar ki karɓa.

Maganar hanawa

Na fahimci zafin da ya sa kika faɗi haka amma ban goyi bayan hanawa ba, saboda waɗancan da nace miki finafinan suna musu amfani, kuma ko an hana fim, waƙa ko warin asibiti ko ranar da Mama ta rasu in ta zagayo zasu iya yin irin wannan famin. Sai dai ina da ƙorafi na gaske kan yadda wasu finafinan suke yi. Na farko, maida mai ciwon ƙwaƙwalwa dodo. Split na 2016 ya ɗauki ciwon rarrabuwar ɗabi'a, inda mutum ɗaya yake zama kamar mutane daban-daban, wanda galibi daga azabar ƙuruciya yake samo asali, ya ɗora shi kan mai satar 'yan mata, masana da masu ciwon suka yi ta kuka a kai, don a zahiri masu ciwon ƙwaƙwalwa sun fi zama waɗanda ake cuta akan su cuci wani. Duk fim irin wannan yana ƙara wa wani tsoron zuwa asibiti kar a ce mishi mahaukaci.

Na biyu, ƙarshen labari, kuma nan Smile ya ɓata min rai (wanda bai kalla ba ya yafe ni, dole na faɗa). Jarumar tayi duk abunda muke roƙon mara lafiya yayi, ta daina gudu, ta koma gidan da abun ya faru, ta fuskance shi, amma duk da haka abun da ke bin ta ya cinye ta ya wuce kan wani na kusa da ita. Ga mai kallon nishaɗi wannan salo ne na tsoratarwa. Ga mai ɗauke da irin ciwon saƙon da ya isa kunnenshi shine babu mafita, kuma kai annoba ne ga masoyanka. Wannan ƙarya ce, ina ganin masu warkewa da idona. Kuma nuna yadda mutum ke kashe kanshi dalla-dalla yana da haɗarin da aka daɗe da sani, tun 1974 David Phillips ya nuna cewa irin wannan mutuwar tana ƙaruwa bayan an yayata labarinta, shi yasa ma Netflix a 2019 suka cire wani fage daga shirin 13 Reasons Why bayan shekara biyu likitoci suna ƙorafi.

Gargaɗin da ake rubutawa a farkon fim fa? Bincike da aka tattara a 2023 ya nuna baya rage zafin abun in mutum ya kalla, yana ma ɗan ƙara fargaba kafin a fara. Amfaninshi ɗaya a wajena, yana ba mutum damar cewa yau bazan kalla ba. Da ƙanwarki ta san akwai yarinya da gawar uwa a ciki, wataƙila da ta tashi tun kafin a kunna.

Abunda zaki yi yanzu

Ki bar mata fitilarta, kar wanda ya kashe don wai ta saba. Kar a ce mata "fim ne fa", ta sani, sanin ne baya isa inda ciwon yake. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, da rana, kuna wani ɗan aiki da hannu ba kuna kallon juna ido cikin ido ba, ki ce mata wani abu kamar: na lura fim ɗin nan ya taɓa ki, ina tunanin ko ya tuna miki da Mama, duk ranar da kike so ki faɗa min ina nan. Daga nan kiyi shiru. In bata ce komai ba kar ki matsa, tilasta wa mutum ya amayar da labari kafin ya shirya yana iya ƙara dagula shi. In ta fara magana kar ki katse ta da nasiha, kuma ki saurara da kyau ko zaki ji "da na", da na tashi da wuri, da na kira wani, da ban yi barci ba. Wannan zargin kan shine na fi samu a ƙarƙashin irin wannan shirun, mutum ya shekara da shekaru yana ɗauke da hukuncin da ya yanke wa kanshi babu wanda ya sani.

In ta farka a firgice, ki kira sunanta a hankali, ki faɗa mata inda take da ranar da ake ciki, ta taka ƙasa da tafin ƙafarta, ta riƙe abu mai sanyi, ta lissafo abubuwan da take gani a ɗakin, ta dinga sakin numfashi a hankali ya fi shaƙarshi tsawo. Kar ki rungume ta ta baya ba zato. Sannan dan Allah kar a siyo mata maganin barci irin su diyazefam ba tare da likita ba, suna kwantar da mutum na dare ɗaya amma basa taɓa ciwon, ga saurin sabo, Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2013 ta bada shawarar kar a dinga bada su don irin wannan firgicin.

Ni da zan so ta ga masanin ƙwaƙwalwa ko da barcin ya dawo, saboda shekara ukun nan na shiru. In kuwa aka kai wata ɗaya babu sauƙi, ko ta daina cin abinci, ta daina zuwa makaranta ko aiki, ta fara kulle kanta, to ya zama dole. Akwai magani na zama da tattaunawa da aka gwada aka ga yana aiki, wanda ake bi da mutum cikin abunda ya faru kaɗan-kaɗan da yardarshi har ƙwaƙwalwa ta yarda ya wuce, akwai kuma wanda ake kira EMDR, da ake haɗa tuna abun da motsa idanu gefe da gefe, wani lokacin a haɗa da ƙwayoyi, yawanci zama ne na wasu makonni zuwa 'yan watanni. Abu ɗaya ne bazai jira ba: in ta ce ta gaji da rayuwa, ko gara ta bi Mama, ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar bata saka wa mutum tunanin, an bincika wannan sosai. In tace eh, kar a barta ita kaɗai, a kawar da magunguna da duk abunda zata iya cutar da kanta dashi, a kai ta asibiti a ranar.

Wani lokacin bayan an samu sauƙi mutum yakan ce yana so ya ƙarasa fim ɗin don kar ya zama ya fi ƙarfinshi. In ƙanwarki ta faɗi haka nan gaba, wannan fim ɗin dai ni bazan bata shawarar shi ba saboda ƙarshenshi da na faɗa miki. In ta dage, ki fara bata labarin yadda ya ƙare tukunna, a kalla da rana, sauti ƙasa-ƙasa, ke kina gefenta, rimot a hannunta, ta tsayar duk inda taso.